Gambar da Ba a Yanka

Zakiru ɗan Agali ne ya ɓatar wa Suwaiba kaburburan 'ya'yanta. Shi ne, ba wani ba. Kada a ce direban katafila ne, wannan wuri aka nuna masa aka ce share, ya share. Kada kuma a ce ƙaddara ce, ƙaddara ba ta riƙe waya a hannu tana auna fili. A sa sunansa tun a farko, don ko mai karatu ya gaji ya ajiye takardar, to ya dai ji mai laifi.

Abin haushin, yaron ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, a tsine masa a huta.

Shekarar zaɓen dubu biyu da ashirin ne, bayan an gama kai hatsi rumbu, ya fito neman kujerar depite, wato ɗan majalisa. Shekarunsa talatin da ɗaya. A Kwarin Aduwa aka binne cibiyarsa, wani ƙauye arewa da Dakoro kan hanyar Rumbu, amma yana da shekara biyar ubansa ya kwashe su suka koma cikin gari. Can ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya wuce Maraɗi, ya wuce Yamai, ya karanto ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sauran 'yan takara da manyan motoci kat-kat suke zuwa, da makaɗa, da sabulu da turamen atamfa. Shi a kan moto, wato babur, ya zo, ƙafarsa fututu da ƙura, ya zauna a tabarma kamar kowa. Maganarsa ba ta da yawa, kuma kullum ita ce dai. Ruwa ya zo kusa, 'yan mata su bar igiyar rijiya su tafi lakwal. Macen da ta gaji gona a ba ta takarda da sunanta, kada ƙanen miji ya wayi gari ya ce tasa ce. A auna burtali a kafa masa duwatsu, manomi da makiyayi su daina zubar da jini kan karan dawa. Kuma a daina yanke magana a zaure bayan an kori mata. Wannan ta ƙarshen ita ya fi so. Ita ce kuma ta jawo abin da ya faru.

Suwaiba ta so shi. Yaya za a yi ta ƙi shi? Danga ɗaya ce ta raba gidanta da na uwarsa Fadimata, shekara goma sha biyu suna miƙa wa juna wuta da gishiri ta kanta. A bayan Suwaiba ya yi fitsari ba sau ɗaya ba. Ranar da ya zo gaishe ta ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, kin gane ni?"

"In ban gane ka ba ai na gane kunnuwan. Su dai ba su yi karatu ba, suna nan yadda na san su. Tashi, ɗan lakwal. An ce Yamai kake son tahiya ka zauna bisa kujera mai juyawa."

"In kin ba ni ƙuri'arki."

"Ƙuri'ata tana hannun wanda ya raba ni da guga. Dubi tahin hannuna."

Ya duba. Igiya ta ci shi har ya zama kamar fatar kirgi. Rijiyar Kwarin Aduwa gaba arba'in ce, jaki ke ja, mata na karɓa. Ya ce mata shi ba alkawari ya kawo ba. Ya riga ya haɗa kan 'yan garin da ke ci-rani da wata ƙungiyar masu aikin ruwa, injin haƙa yana Maraɗi yana jira. Kafin ranar zaɓe za a huda ƙasa, a kafa shato, wato tankin nan mai dogayen ƙafafu, ruwa ya riƙa saukowa a famfo. Ko ya ci ko ya faɗi, ruwan na nan.

Ta sa masa albarka. Ba ta tambaye shi a ina za a haƙa ba. Da ta tambaya!

Gabas da garin, bayan tudu, akwai wani fili da ba a nomawa. A garin da 'yan'uwa ke kai juna gaban maigari kan taki ɗaya na iyaka, ga fili mai kyau, ƙasa baƙa, shekara talatin da shida ba a sa masa hauya ba. Gamba ce kawai tsaye a ciki, tushe-tushe, jere kamar an shuka. Ai shukawa aka yi. Ba a yankan ta a yi zana, ba a kora awaki ciki. Yaro in ya nufi wurin sai a daka masa tsawa, in ya ce don me, a ce don an ce.

Ga dalilin, tunda yanzu babu sauran abin rufewa.

Shekarar da yunwa ta sa aka ci anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, fari ya cinye gonaki, shanu suka riƙa faɗuwa a tsaye. Mazan Kwarin Aduwa suka kora abin da ya rage na dabbobi suka yi kudu, wasu suka tsallaka Najeriya neman abin aikowa. Suka ce wata ɗaya. Suka yi wata bakwai. Aka bar mata da yara, da Malam Yazidu, tsoho makaho wanda ƙafafunsa suka riga suka mutu. Kan yunwa sai ga ƙyanda. Ta shiga gida-gida tana ɗauka.

Mace ba ta haƙa kabari. Mace ba ta raka gawa. Kowa ya san wannan. To wa zai haƙa? Maƙabartar gari tana da nisa, ƙasarta tsauri, mata kuwa in sun sunkuya sai jiri. Suka zaɓi bayan tudu inda ƙasa ke da laushi. Suka riƙa ɗaukar Malam Yazidu a kan tabarma, mutum huɗu, su kai shi ya yi salla shi kaɗai, su kuma su tsaya baya. Likkafani babu. Mai zane biyu ta yaga ɗaya, mai ɗaya ta cire kallabi. Doka ɗaya suka kafa wa kansu: uwa ba ta haƙa wa nata. Ke ki haƙa wa nawa, ni in haƙa wa naki. Fadimata ce ta haƙa wa 'ya'yan Suwaiba biyu, na farin mai shekara huɗu da Ramla da ke nono, kwana uku tsakani. Suwaiba ce ta haƙa wa 'yar Fadimata. Da damina ta sauka kowace uwa ta ciro tushen gamba ta dasa wajen kan nata. Ashirin da bakwai.

Mazan suka dawo. Kowane ya shigo gida ya duba, ya ce ina wane, a ce masa Allah ya karɓi abinsa. Ya yi salati, ya fita. Ko ɗaya bai ce wa ya yi wanka, wa ya haƙa, a ina aka sa ba. Sun sani. Wane ne bai ga gambar ba? Amma wanda ya tambaya ya yarda ke nan ba ya nan ranar da ake nemansa. Matan kuma kunyar sun yi abin da ba a yi, sun rufe 'ya'yan mutane cikin tsumma, ta ɗaure musu baki. Haka gari ya zauna, maza ba su tambaya ba, mata ba su faɗa ba, gamba na tsiro duk damina.

Ga Suwaiba kuma akwai ƙari. Yaron ɗan fari ne. Sunansa Abdulhakim, amma bakinta bai taɓa furta shi ba. Yana raye "kai wannan" take ce masa, ta kawar da kai in ya yi dariya a gaban mutane, kamar yadda aka koya mata. Ya mutu bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba. Abin da ya rage mata shi ne ƙirga. In ta fita itace sai ta bi ta bayan tudu, daga kututturen aduwa, layi na biyu, tushe na uku shi ne, na huɗu Ramla. Ba ta tsayawa. Rage tafiya kawai take yi.

Zakiru bai san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ya gani hoto ne a wayarsa, wanda aka ɗauko daga sama: gonaki ko'ina, ga fili guda babu mai shi, kuma awonsa ya nuna ruwa ya fi kusa a nan. Ya je da kansa ya zagaya wurin, ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa. Ya tambayi maigari Sa'adu, wanda yana cikin waɗanda suka yi kudu a wancan lokaci. Sa'adu ya dubi ƙasa ya ce, "To, ba gonar kowa ba ce dai." Bai yi ƙarya ba. Allah ya isa tsakanin mata da irin wannan gaskiyar.

Sai yaron ya kira taro a ƙofar maigari da hantsi. Ya yi abin da ba a taɓa yi ba a garin: ya sa aka shimfiɗa wa mata tabarmi a gaba, maza a baya. Ya kawo lasifika. Ya ce a ƙasar da yake son a gina ba a ƙus-ƙus, komai a fili, kuma mata ke ɗibar ruwa, don haka su za su fara magana. Ya faɗi wurin da ya zaɓa.

Ba a yi guɗa ba. Ko wannan kaɗai ai ya isa ya gane. Ruwa ba ya tsami banza.

"Duk mai magana kan wurin nan ta hito ta hwaɗa. Yau babu mai hana ku."

Cikin uwayen da suka dasa gambar, biyar ne suka rage a raye. A'ishatu, wadda ta binne uku, ta zunguri Suwaiba da gwiwar hannu. Suwaiba ta tashi. Ya miƙa mata abin maganar, ta riƙe shi kamar an ba ta maciji. Ta juya. Ga maigari. Ga ƙanen marigayi mijinta. Ga Attaher surukinta, mijin 'yarta, wanda ko ruwa ba ta sha a gabansa. Duk sun sunkuyar da kai suna tonon ƙasa da tsinke.

"Gambar nan," ta ce, muryarta ta fito ta lasifika ta tsorata ta, "ba a yankan ta."

"Don mi, Inna?"

Don me. A nan, a gaban suruki, cikin ƙarfen da ke kai magana har bakin rijiya, ta ce ni na haƙa, ni na rufe, ɗana na fari na ciki? Ta buɗe baki. Sunan yaron ya zo har kan harshenta ya koma.

"Ba a yanka dai."

Wasu samari suka yi dariya. Zakiru bai yi ba, a ba shi wannan. Ya karɓi lasifikar da hannu biyu, ya yi magana a hankali kamar mai lallashin mara lafiya.

"Inna, na san ana tsoron wurin. Amma ni aljanin da na sani a garin nan ƙishirwa ce. Ita ke cinye ɗiyanmu mata bakin rijiya. In akwai wani abu bayan wannan, a hwaɗa mini yanzu, in canza wuri."

Ya jira. Ya dubi maza, ya dubi mata. Babu wanda ya yi tari. Ya ɗauka camfi ne. Ɗan Fadimata, wanda aka haifa danga ɗaya da ita, bai san cewa in tsohuwa ta ce ba a yi ta yi shiru, ba a sake tambayar ta a taro ba. Zagayawa ake yi da la'asar, a same ta bakin murhu, a zauna a ƙasa a yi shiru tare da ita har ta fara. Karatun da bai kai mutum nan ba, me ya koya masa?

Suwaiba ta ce a ranta za ta same shi shi kaɗai. Amma kafin a naɗe tabarmi ya hau moto, yana da taro a Mai Yara, gobe Tagriss. An ce inji sai bayan mako guda. Ta ce akwai lokaci.

Kwana uku aka yi. Ranar kasuwa ce, matan gari sun fita tun safe. Da la'asar suna dawowa a kan amalanke, tun daga nesa Suwaiba ta hangi hayaƙi bayan tudu. Ta diro tun amalanken bai tsaya ba. Tana hawa tudun ta ga wurin.

Fili fetal. An kankare shi kamar tafin hannu. An ture gambar gefe guda an cinna mata wuta, har kututturen aduwa an tumɓuke an jefa ciki. Sawun katafila ya bi ko'ina, layi-layi, kamar an taje kan ƙasa.

Ta shiga. Ta tsaya inda take zaton kututturen yake, ta fara taku. Ɗaya, biyu. Ta koma, ta matsa hagu, ta sake. Ɗaya, biyu, uku. Ko'ina iri ɗaya ne. Shekara talatin da shida ƙafarta ta san wurin ko ido rufe, yau ƙafar ta tsaya tana tambayar ta. Ma'aikatan, baƙi ne daga Maraɗi, suna ta kallon tsohuwar da ke kai da komo tana ƙirga babu. A'ishatu ko hawa tudun ba ta yi ba, zama ta yi a gindinsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan kwana biyu wani magini cikinsu mai suna Issa, dattijo mai furfura, ya yi sallama a ƙofar Suwaiba. Ya ƙi shiga. Ya miƙo mata abu ƙunshe a takardar siminti.

"Baba, muna ginar harsashin shato munka ci karo da ƙasusuwa. Mun maida ƙasa, mun yi addu'a, mun matsa. Sai munka sake cin karo. Don Allah wurin nan mi ne? Na tambayi mazan garinku, kowa sai ya ce in tambayi wani."

Ta buɗe. 'Yar munduwa ce ta jan ƙarfe, ta yi kore, da kyar yatsu uku za su shiga. Tana da ƙulli biyu a baki, ƙirar maƙeran Tagriss. Ta san ta. Ita ta gyara hannun da ke sanye da ita, ta kwantar da shi a gefe, ta ja kallabin Fadimata ta rufe.

Washegari ta hau motar kasuwa zuwa Dakoro. Saura kwana biyar zaɓe. Gidan jam'iyyar na kusa da tasha, bango duk hotonsa yana murmushi. Ta ratsa mutane ba ta gaida kowa ba. Yana ganin ta ya miƙe.

"Inna! Ke da kanki? An ce sun kusa kai ga ruwa."

"Kore su. Yau ni ka zaɓen inda za a yi magana."

Ya sallami mutanen, ya rufe ƙofa. Ta ajiye munduwar a kan tebur, a kan takardunsa.

"Ta yayarka ce."

"Inna, ni ba ni da ya. Ni ne babba wurin mahaihiyata."

"Kai ne babban waɗanda sunka rayu. Sunanta Rahma. Shekara biyu da rabi. Tana da wushirya irin taka. Ni na gina mata rami da hauyar ubanka, don ubanka na Kano. Tushe na biyar, layi na biyu, kusa da tawa ɗiyar. Yanzu ƙahwar shatonka na bisa kanta, ko bisa kan nawa, ban sani ba. Abin da ya kawo ni ke nan. Ban sani ba."

Ya zauna ba tare da ya nemi kujera ba, Allah ya sa tana bayansa. Ta faɗa masa duka, tun daga anza har zuwa gamba. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ɗauki munduwar, ya sa ɗan yatsa ciki, ya cire da sauri.

"Ba ta taɓa hwaɗa mini ba. Har ta rasu."

"Ɗiyar hwari ce. Da wane baki za ta hwaɗa?"

"To ke, Inna? Na tambaya. A gaban kowa na tambaya, sau biyu."

"A gaban kowa! Ka ɗora mini lasihika a baki, surukina na bayana, mazan da sunka gudu sunka bar mu na zaune, ka ce in yi magana. Kai a ganinka ka ba mu baki. Toshe shi ka yi. Uwarka da tana da rai da ta ja kunnen nan naka ta kai ka bayan ɗaki ta hwaɗa maka cikin kalma uku."

Ya rufe fuska da hannu. Can ya ce zai tsayar da aikin yau ɗin nan, a cire komai.

"Wa ya ce ka tsaida? Ka tone su, kuma ka bar gari da ƙishirwa? Ai sai a ce Suwaiba ta hana ruwa. A'a. Wanda anka taɓa an taɓa. Ni abu guda nika so. An ce ka ɗauki hoton wurin kahin a share."

Ya jawo wayar. Ya nuna mata. Ga gambar nan tsaye, rana na dukan ta, ga kututturen aduwa. Ta sa yatsa a kan gilashin. Layi na biyu. Ɗaya, biyu, uku. Yatsan ya tsaya a nan, ya daɗe.

"Da wanga hoto da abin awonka, kana iya gano inda kowane tushe yake?"

"Ina iyawa. Taku ɗaya ba zai kuskure ba."

"To ka zo. Ba da lasihika ba. Ka zo kai ɗaya, mu biyar muna nan, ka tsaya ka ce nan, mu dasa. Shi ke nan. Ban ce ka biya ni komi ba."

"Ana gama zaɓe, Inna. Wallahi ana gamawa."

Ta bar masa munduwar. Ranar zaɓe ta dangwala wa jam'iyyarsa, don ta ce wanda zai raba ta da guga, kuma ita ba ta maganar banza.

Ya ci. Ruwa ya fito, garau, mai daɗi. Ranar buɗe famfo aka jira shi har azahar, sai ga saƙo wai an kira shi Yamai. Aka ce bayan rantsuwa. Aka ce bayan damina. Ya aiko da waya mai ƙaya aka kewaye ƙafafun shaton, kamar ƙarfen ne aka ce ana takawa. A rediyo ana jin muryarsa daga majalisa, yana faɗa kan burtali, yana faɗa kan takardun gonakin mata, kuma maganarsa daidai ce, ba a ce ba daidai ba ce. Ya je Mai Yara ya buɗe rijiya. Ya je Rumbu sau biyu, hanyar ta gaban Kwarin Aduwa ta bi, masu kiwo sun ga motarsa ta rage gudu daidai tudun, sannan ta ƙara wuta. Waɗanda suka san shi sun ce munduwar tana aljihunsa kullum, kuma ko an kawo masa ruwan garin a gora ba ya iya sha. To sai me? Tsoron yayarsa yake ji, shi ya sa zai bar uwayen wasu cikin duhu?

Daga baya majalisar ma aka rushe ta. Kujerar da aka kankare wurin dominta ta tafi. Shato na nan.

Tsohuwar rijiya ta rufta shekara biyu da suka wuce, don haka Suwaiba ma a famfon take ɗiba. Babu yadda za ta yi. Wurin ya zama dandali: bidodi, wato jarkoki, jere rawaya-rawaya, jakuna, 'yan mata na tsalle-tsalle kafin layi ya zo kansu, da yawansu da rigar lakwal. Tana ganin su tana jin daɗi, ba ta ɓoye ba. Amma ita a gefe-gefe take bi, tana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya cikin ɗakin da aka kwantar da jarirai. Duk inda ta sa ƙafa sai ta ce a ranta, ko kai ne, yi haƙuri. In an buɗe famfo da safe, kafin ruwa ya iso, bututun kan yi wani ɗan kuka siriri, ya shaƙe, ya sake. Matasa sun ce iska ce a ciki. Ita ta san irin kukan. Na yaron da ƙyanda ta kama wa maƙoshi ne, yana neman ruwa babu. In ta kai kwanon bakinta sai ta tsaya, ta yi bisimilla sau biyu.

Cikin biyar ɗin uku sun tafi. A'ishatu ta rasu bara, tana ta tambaya har ranar ƙarshe ko yaron ya zo. Saura Suwaiba da wata guda da idonta ya rufe. In su biyun suka bi, ko an kawo hoton babu mai cewa wannan na wane ne.

Ran Laraba da ta wuce, da hantsi, layi ya cika, maigari Sa'adu na wucewa da sandarsa, Attaher na ɗaure bidodi a amalanke. Suwaiba ta ajiye tulunta a tsakiyar filin. Ta miƙe. Babu lasifika.

"Abdulhakim!"

Famfo na zuba, babu wadda ta tara.

"Abdulhakim sunanshi! Ɗana ne na hwari, yana nan ƙarƙashin ƙahwahunku, shi da Ramla da Rahma da ashirin da huɗu. Mu munka gina, mu munka ruhe, don ku ba ku nan. Sa'adu, ɗaga kanka, naka biyu na ciki!"

Maigari bai ɗaga ba. Ta ɗauki tulunta ta tafi gida, ta zauna har azahar. Kunyar da ta riƙe shekara arba'in ta ajiye ta a bakin famfo, kuma ba ta ga abin da riƙon ya tsare mata ba.

Yanzu ta ciro tushen gamba ashirin da bakwai, suna bayan ɗakinta cikin tsohon kwano, tana yayyafa musu ruwan shaton kullum safe. An ce Zakiru yana Maraɗi, yana aikin ruwa, wayarsa na hannunsa. Daga Maraɗi zuwa Kwarin Aduwa ba a kwana a hanya.

Wanda duk ya san shi ya kai masa wannan. Ya ce mata su yi magana, to ga shi an yi, a fili, yadda yake so. Saura tasa. Ya zo ya tsaya bayan tudu da hoton nan, ya dubi Suwaiba, ya nuna mata ƙasa ya ce nan ne Abdulhakim. In kuwa ba zai zo ba, ya fito ya faɗa wa garin da ya haife shi dalili, da bakinsa, tun tana da ran ji.